Kawu, Mai Ɗumama Bututun Teku

Ranar Talata da hantsi muka fitar da Kawu. Kafin a ɗaga makara, liman ya tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, inda mata za su ji shi, ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanku zai tafi gidansa na gaskiya. Duk wanda ya taɓa saɓa wa, ya yafe masa." Mata suka amsa cikin kuka, "Mun yafe masa duniya da lahira." Ni ina riƙe da kan makara, idona na kan mahaifiyata. Umma ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce autarsu. Bakinta bai motsa ba. Liman ya san abin da ke tsakaninsu, don haka ya sake maimaitawa da ƙarfi. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Haka muka ɗauke shi muka fita.

A zaman makoki na ga mutanen da ban taɓa gani ba. Wani makiyayi ya zo daga garin Babban Mutum da ƙwaryar nono, bai ma san sunan Kawu ba, cewa ya yi yana neman gidan Alhajin nan da ya shiga kabarin mahaifinsa ya karɓi gawa. Wasu fatake biyu daga Kongolam suka ce shi ya wanke abokin tafiyarsu da ya rasu a hanya ba dangi kusa. Tsofaffin masallacin unguwa suka zauna jere a inuwar darbejiya, ɗaya daga cikinsu yana ta faɗin, "Wa zai duba mana ruwa bana?" Sauran masu gaisuwa kuwa maganarsu ɗaya ce: mutum ne mai haƙuri, ba ruwansa da kowa. Na yi ta amsawa da amin, amma raina yana ɓaci. Kawu ba mai haƙuri ba ne. Mutum ne mai gardama da kafiya, wanda zai iya tsayar da kai a rana don ya gyara maka kuskure a maganar da ka riga ka manta ka yi. Idan aka ci gaba da yi masa irin yabon da ake yi wa kowane mamaci, nan da shekara ba wanda zai tuna ko shi wane ne. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

A Daura kowa Injiniya yake ce masa, amma da wuya ka sami wanda zai faɗa maka aikin da yake yi. Wasu na cewa haƙar mai yake, wasu na cewa tuƙin jirgin ruwa. Gaskiyar ita ce ya karanci lantarki, ya yi shekaru a kamfanonin mai na kudu, daga baya aka tura shi tekun wata ƙasa can kudu da mu, kan wani ƙaton jirgi da ba ya tafiya ko'ina, yana tsaye yana karɓar mai daga rijiyoyin da ke ƙarƙashin ruwa. Makonni yana can, makonni yana gida. Idan ya dawo, fatarsa na warin gishiri da man inji, kuma sai ya yi kwana biyu yana tafiya yana buɗe ƙafa kamar ƙasa na motsi.

Na ji shi yana yi wa kakarmu bayanin aikin, wata rana tana tsince shinkafa. Ya ce, "Inna, kin ga man shanu a kwalba lokacin ɗari, yadda yake daskarewa ya toshe wuyan kwalbar? To can ƙasan teku kullum ɗari ne, rana ba ta kai wa wurin, ga nauyin ruwa. Mai yana fitowa daga ƙasa da zafinsa, tare da ruwa da iskar gas. Muddin yana gudu a bututu, lafiya lau. Amma ranar da aka rufe rijiya ya tsaya, sai ya fara hucewa, ruwan da gas ɗin su haɗu su zama wata irin ƙanƙara. A wurin aiki haidiret muke ce mata. Fara ce fat, kuma in kika kyasta mata ashana sai ta kama da wuta."

Kaka ta ce, "Ƙanƙara ta kama da wuta? Kai dai ka faɗi wata."

"Wallahi, Inna. Idan ta toshe bututu, ba hannun da zai kai wurin. Sai a yi watanni ana fama. Shi ya sa aka shimfiɗa wayar wuta mai kauri a jikin bututun, mu kuma daga kan jirgi muna tura lantarki, ƙarfen ya ɗauki ɗumi. Ba zafi sosai ba, daidai yadda ba zai daskare ba. Ni ke kula da wannan wutar."

Kaka ta ajiye faifai ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Duk karatun nan da muka sayar da tumaki ka yi, ashe ɗumame ka je yi wa Nasara?" Tun daga ranar take kiransa mai ɗumame, shi kuma yana amsawa da fara'a. Ba wanda ya isa ya kira shi haka sai ita.

Aikin ya bi shi har gida. Ba ya yarda da hannu wajen gwada zafi, yana da wani ɗan ma'auni a aljihu, har shayi sai ya tsoma masa. Matarsa ta taɓa ɓoye ma'aunin a cikin garin tuwo don ta huta, ya je Katsina ya sayo biyu. Idan ka ce masa abu ya lalace ba zato, sai ya ce, "Ba abin da ke lalacewa ba zato, kai ne ba ka duba ba." Ni malamin makaranta ne a Sandamu, lissafi nake koyarwa, amma bai taɓa barin na gama jimla a gabansa ba. Yana kirana Malam, da wata irin murya da ke nuna bai yarda da malantar ba.

Shi ya yi wa masallacin unguwa aikin ruwa. Ya ga tsofaffi suna karkarwa wajen alwalar asuba lokacin ɗari, wasu har suna fasa zuwa jam'i. Ya sayo siririyar wayar ɗumi ya naɗe bututun tanki da ita, ya lulluɓe da soson tsohuwar katifa, ya haɗa da batirin sola. Ladan, don tattalin batirin lasifika, ya riƙa kashewa da yamma yana cewa zai kunna kafin kiran salla. Da Kawu ya gane, aka yi rigimar da har mai unguwa ya shiga. Yana ta ɗaga murya a ƙofar masallaci, "Ba a jira ruwa ya yi sanyi sannan a kunna! Riƙe ɗumi ya fi dawo da shi sauƙi, wutar da za ka ci ta ninka!" Ladan ya ce shi ba a teku yake ba. Sun yi wata guda suna gaisawa sama-sama, sannan Kawu ya sayi batir na biyu ya rubuta "na ladan" a jikinsa da farin fenti.

Yanzu sai maganar da kowa ya kauce mata a zaman makoki.

Kusan shekara goma ke nan, Kaka ta kwanta ciwon ajali. Umma ce ta tare a ɗakinta tana jinya. Kawu yana teku. Aka same shi a waya, ya ce a ba shi likita. Ina tsaye na ji tambayar da ya yi, "Likita, a ganinka saura nawa?" Likita ya ce rai na hannun Allah, amma yadda yake gani za ta iya kai mako ko fiye. A daidai lokacin an rufe rijiyoyinsu saboda wata matsala, mai yana tsaye a bututu, wutar ɗumin kuma tana yankewa tana dawowa. Wanda zai canje shi sabon zuwa ne, bai gama sanin na'urar ba. Shugabansa ya ce masa ga kujera a jirgi mai saukar ungulu, ya tafi ya ga mahaifiyarsa. Kawu ya ce a bari ya ga an buɗe rijiyoyi tukuna.

Duk wanda ya ɗaga labulen ɗakin, Kaka sai ta juyo da kai ta ce, "Mai ɗumame ne?" Umma ta ce, "Yana hanya, Inna." Haka aka yi ta yi har muryar ta daina fita, sai idon kawai ke zuwa ƙofa. Ta cika da safe, aka yi mata sutura bayan azahar. Kawu ya iso Daura ƙasar kabarin ta riga ta bushe. Bututu kuwa bai toshe ba.

Babban wansu, wanda ke fataucin shanu, ya tare shi a zaure kafin ya shiga ciki. Ina wurin. Ya ce, "Ka ga, Auta ta ɗau zafi. In ka shiga, ce mata da ka taho jirgin zai kama da wuta, mutane za su mutu. Wa ya san teku a nan? Ka faɗa, magana ta wuce." Kawu ya cire takalmi ya shiga. Na bi shi.

Umma na zaune a kan gadon Kaka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya, tambaya zan yi maka. Da ka taho, wani zai mutu?"

"A'a."

"Jirgin zai ƙone?"

"A'a, Auta. Bututu ne zai toshe. Da an yi asara mai yawa, an daɗe ana gyara."

"Hana ka tahowa aka yi?"

"Ba a hana ni ba."

Ta ce, "To tashi ka ba ni wuri."

Babban wansu ya bi shi waje yana faɗa, yana cewa wannan ba gaskiya ba ce, taurin kai ne. Kawu ya ce, "Uwata ta mutu tana kallon ƙofa, sannan in zo in yi ƙarya a kan gadonta?" A lokacin na goyi bayan babban wansu. Yanzu ban sani ba.

Bayan wasu watanni ina raka shi filin jirgi, muna wajen gari, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Malam, in aka rufe rijiya, na san tsawon lokacin da bututu zai yi kafin ya huce. Ban taɓa kuskuren wannan lissafin ba. Da likita ya ce mako, sai na ɗauka irin lissafina ne. Na ɗora wannan a kan wancan, na ga akwai rara." Sannan ya ce, "Uwata na yi wa lissafin bututu." Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ya share da sauri ya hau yi min faɗa wai ina taka burki da yawa.

Bai daɗe ba ya yi ritaya ya dawo gida gaba ɗaya. Daga nan ne ya zama mutumin da makiyayin Babban Mutum ya sani. Ba ya wuce jana'iza. Ko a hanya ya ga makara, ko ta wane ne, sai ya faka mota ya bi. Ya je wurin liman ya koyi wankan gawa kamar ɗalibi, yana tambaya har liman ya gaji. A bayan motarsa kullum akwai likkafani da sabulu da turare da babbar butar ƙarfe. Ba ya yarda a wanke mamaci da ruwan sanyi. In aka ce masa ai gawa ba ta ji, sai ya ce, "Kai ka taɓa mutuwa?" Wannan ne kaɗai ruwan da ba ya sa wa ma'auni, da gwiwar hannunsa yake gwadawa kamar na wankan jariri.

Kada a ɗauka Umma ta yi gaba da shi. Ta san addini, ba ta taɓa hana shi gaisuwa ba. Abin da ya faru ya fi gaba ciwo. Duk ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, Kawu zai zo gidanmu. Umma ta shimfiɗa masa tabarma a rumfa, ta kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, ta zauna nesa kaɗan. Su yi hira sosai: tsadar taki, wanda ya haihu, wanda ya ƙaura, ciwon gwiwarta da yake ta kawo wa magunguna. Wani lokaci har ta yi dariya. Idan ya wanke hannu ya sa hula, sai ya tsaya ya ce, "Auta, ki yafe min." Ita kuma ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Yaya. A gaida gida." Ya sa takalmi ya fita.

Tun yana zuwa hutu daga teku ake haka, bayan ritaya kuma bai taɓa tsallake Juma'a ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Liman ya yi mata nasiha, babban wansu ya yi faɗa, matar Kawu ta zo ta durƙusa mata. Umma takan saurara har ƙarshe, ta ce ta ji. Ni na sha yi mata magana har ta ce in kiyaye ta. Na ga Kawu yana tsufa a kan tabarmar nan, gemu ya yi fari, tashi ya koma sai da dafa bango, kalmar dai ita ce. Na taɓa ce masa ya bari haka, ai ya yi iya yinsa. Ya harare ni ya ce, "Kai aka yi wa laifin?"

Juma'arsa ta ƙarshe ba ta bambanta da sauran ba. Ya ci, ya yi mitar cewa miyar ta yi gishiri, ya roƙa, ta yi masa fatan isa gida lafiya. Ranar Litinin da la'asar ya faɗi a gonarsa yana duba famfon ban-ruwa. Muka kai shi asibiti bai san inda kansa yake ba. Umma ta zo ta riƙe ƙafarsa, amma bai buɗe ido ba har ya cika.

Aka yi addu'ar uku ranar Alhamis, baƙi suka watse. Matar Kawu ta kira ni ɗakin da take takaba, ta ce, "Ɗana, ba na iya barci. Ina jin tsoron a tsare shi a kan haƙƙin 'yar'uwarsa. Ka roƙar min ita." Na ce zan je. Gaskiya ba roƙo na yi niyya ba, faɗa na tafi yi.

Washegari da aka sauko daga masallaci na wuce gidan Umma. Na tarar da ita a rumfa, ta shimfiɗa tabarma, ga kwanon tuwo a rufe. Da ta ji sallama ta ɗago da sauri, da ta ga ni ne ta mayar da kai. Ban zauna ba. Na ce, "Umma, mutumin nan ya mutu. Makiyaya da fatake sun yafe masa, ladan ya yafe masa. Me kike so kuma? Ki bi shi kabari da shi?"

Ta ce, "Zauna." Na zauna a ƙasa.

"Ranar da ya dawo daga teku, ina bayan katangar zaure, na ji abin da Yaya Babba ya kitsa masa. Na koma ɗaki na zauna ina jira ya shigo ya faɗa, in tsane shi har abada. Sai ya ƙi faɗa. Kafin ya kai ƙofar gida na riga na yafe masa."

Na ce, "Tun ranar?"

"Tun ranar."

"To me ya hana ki faɗa masa? Shekara nawa, Umma!"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ta ce, "Kai ba ka san Yaya ba. Ina 'yar mitsitsiya aka kai shi makarantar kwana. Daga nan jami'a, daga nan kudu, daga nan teku. Shi ke goya ni, na buɗi ido na ga ƙeyarsa ya tafi. Ba ya nan aka yi bikina, ba ya nan aka yi sunanka. In ya zo hutu, a tsaye yake gaishe ni, mota na kunne a waje. Sai Juma'ar farko bayan rasuwar Inna, ya zo ya zauna, ya ci tuwona, ya yi hira da ni har la'asar. Na ce mako mai zuwa zan faɗa masa. Da makon ya zo sai na ji tsoro. Mutum ne da in ya gama gyara abu ba ya waiwayarsa. Na ce in na furta, aikinsa ya ƙare a gidan nan."

Na ce, "Ranar Talata fa? Liman ya tambaya sau biyu."

"Na buɗe baki. Sai na ji in na faɗa, ba shi da sauran abin da zai dawo nema."

Na ce, "Umma, ya tafi bai sani ba."

Ta ce, "Na sani." Nan kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Kaka ya ƙwace mata, irin kukan yarinya ƙarama, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta koma. Da ya lafa, ta goge fuska, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta juya ta fuskanci tabarmar. Ta ce, da muryar da take yi masa magana kullum, "Yaya, na yafe maka. Kai ma ka yafe min."

Muka zauna shiru, ni da ita, kamar akwai amsar da za a jira.

Ya Allah, Kai ka ji ta tun ranar farko, ko da shi bai ji ba. Ka isar masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa. Ita kuma da ta rage, Ka sassauta mata ranakun Juma'a.